Tarihin Ostiraliya a Taƙaice: Daga Mamayar Ƙasar Aborijin zuwa Yaƙe-yaƙen Ƙetare

1.0 Gabatarwa

Ostiraliya ƙasa ce da ke kudu maso gabashin nahiyar Asiya, tsakanin tekun Indiya da tekun Fasifik. Faɗinta ya kai murabba'in kilomita miliyan 7.7, wato ta ninka Jamhuriyar Nijar kimanin sau shida. Akwai ranaku biyu da ake hutu a ƙasar kowace shekara domin tunawa da tarihi. Ta farko ita ce 26 ga watan Janairu, ranar da Turawan Ingila suka kafa tutarsu a shekarar 1788. Ta biyu ita ce 25 ga watan Afrilu, ranar da sojojin ƙasar suka sauka a gaɓar tekun Turkiyya a shekarar 1915. A wannan darasi za mu bi tarihin da ke tsakanin ranakun biyu, mu ga yadda ƙasar ta girmama yaƙe-yaƙen da ta yi a ƙetare, ta kuma daɗe tana kawar da kai daga yaƙin da aka yi a cikin gida da 'yan asalinta.

2.0 'Yan Asalin Ƙasa

Mutanen da ake kira Aborijin su ne 'yan asalin Ostiraliya. Masana tarihi sun tabbatar cewa sun zauna a wurin shekara 50,000 ko fiye kafin zuwan Turawa. Ba ƙabila ɗaya ba ce, domin a lokacin zuwan Turawa suna magana da harsuna kimanin 250. Kowace al'umma tana da yankinta da ta gada, da dokokinta na aure da na farauta, da wuraren da take girmamawa. Suna rayuwa ta hanyar farauta da su da tsinkar 'ya'yan itatuwa, suna kuma cinna wa daji wuta a kan lokaci don sabuwar ciyawa ta tsiro, namun daji su matso kusa. A tsibiran mashigin Torres da ke arewa akwai wata al'umma dabam mai nata harshe da al'adu.

3.0 Zuwan Turawa

Turawan Holan ne suka fara ganin gaɓar ƙasar a shekarar 1606, amma ba su zauna ba. A shekarar 1770 wani matuƙin jirgin ruwan Ingila mai suna James Cook ya bi gaɓar gabas, ya ce daga ranar ta zama mallakar Sarkin Ingila. Bayan wannan da 'yan shekaru sai Amurka ta sami 'yancin kanta, Ingila ta rasa inda za ta riƙa kai fursunoninta, ga gidajen yari sun cika maƙil. Wannan ya sa aka tura jiragen ruwa 11 ƙarƙashin Kyaftin Arthur Phillip ɗauke da fursunoni fiye da 700. Suka sauka inda birnin Sidni yake a yau, ranar 26 ga watan Janairu, 1788. Daga wannan shekara zuwa 1868, an kai fursunoni kimanin 162,000 ƙasar.

Hausawa kan ce baƙo raɓa ne, amma waɗannan baƙi sun zo ne da niyyar zama. Ingila ba ta ƙulla wata yarjejeniya da Aborijin ba, ba ta kuma sayi ƙasar daga hannunsu ba. Ta ɗauka cewa tun da ba ta ga gonaki masu shinge da sarakuna masu fada ba, to ƙasar ba ta da mai ita. Wannan fahimta ita ce masana shari'a suke kira terra nullius da harshen Latin, wato ƙasar da ba ta kowa ba. A shekarar 1835 wani mai suna John Batman ya rubuta takardar sayen fili da dattawan yankin da birnin Melbon yake a yau. Nan take Gwamna Bourke ya soke ta, ya ce ƙasar ta Sarki ce, saboda haka Aborijin ba su da ikon sayar da ita.

4.0 Yaƙin Cikin Gida

Abu na farko da ya fara cin mutanen ƙasar shi ne cuta. A shekarar 1789 annobar agana ta ɓarke, ta kashe kimanin rabin Aborijin da ke kewayen Sidni. Abu na biyu shi ne tumaki. Da Turawa suka gane cewa ulu yana da kasuwa a masaƙun Ingila, sai suka kutsa cikin ƙasa da garkunansu, musamman bayan 1813 da suka sami hanyar tsallaka duwatsun da ke yamma da Sidni. Duk inda garke ya isa, makiyaya sukan kama mashaya, tumaki su cinye tsirran da mutane ke ci, namun daji su gudu. Idan yunwa ta sa Aborijin suka soke tunkiya da mashi, sai Turawa su fito a kan dawakai da bindigogi su rama a kan duk wanda suka tarar.

Aborijin ba su naɗe hannu ba. Wani jarumi mai suna Pemulwuy ya shafe shekara fiye da goma yana kai wa gonakin Turawa hari, har aka harbe shi a 1802. A tsibirin Tasmaniya faɗan ya yi tsanani har gwamna ya tara mutum fiye da 2,000 a shekarar 1830, suka yi sahu suka ratsa daji don su kore 'yan ƙasar zuwa lungu ɗaya. A shekarar 1838, a wani wuri da ake kira Myall Creek, ma'aikatan kiwo suka kashe aƙalla mutum 28, yawancinsu mata da yara da tsofaffi. An rataye bakwai daga cikin masu laifin, amma irin wannan hukunci bai cika faruwa ba. Kashe-kashen sun ci gaba har zuwa 1928, lokacin kisan Coniston a tsakiyar ƙasar. Waɗanda suka tsira kuwa aka tattara su a keɓaɓɓun wurare ƙarƙashin jami'an gwamnati da 'yan mishan. Daga baya hukuma ta riƙa raba yara da iyayensu da ƙarfi, abin da ya ci gaba har zuwa wajajen 1970.

5.0 Kafuwar Tarayya

An gano zinariya a shekarar 1851, jama'a suka yi ta kwararowa daga Turai da Sin. Ranar 1 ga watan Janairu, 1901, yankuna shida da Ingila take mulka suka haɗu suka zama tarayya ɗaya. A wannan shekara majalisa ta kafa dokar hana shigowar waɗanda ba Turawa ba. Tsarin mulkin ƙasar ya ce kada a saka Aborijin cikin lissafin yawan jama'a. A 1902 aka ba mata 'yancin zaɓen tarayya, amma dokar ta ware Aborijin.

6.0 Yaƙe-yaƙen Ƙetare

Tun kafin tarayya, Turawan Ostiraliya suna ɗaukar kansu 'ya'yan Ingila, suna ganin yaƙinta nasu ne. A shekarar 1885, bayan mayaƙan Mahadi sun ci birnin Hartum sun kashe Janar Gordon, an tura sojoji kimanin 750 daga Sidni zuwa Sawakin a ƙasar Sudan. Daga 1899 zuwa 1902 kuma wasu kimanin 16,000 suka yi yaƙi a Afirka ta Kudu.

Amma Yaƙin Duniya na Farko shi ne ya fi shiga zukatan mutane. A lokacin jama'ar ƙasar ba su kai miliyan 5 ba, duk da haka mutum fiye da 400,000 suka shiga soja don ra'ayin kansu, aka kashe fiye da 60,000. Ranar 25 ga watan Afrilu, 1915, sojojin Ostiraliya da na Niyu Zilan, waɗanda ake kira Anzak, suka sauka a Galipoli da nufin buɗe hanyar ruwa zuwa Istambul. Sojojin Turkiyya, waɗanda Mustafa Kamal yake cikin kwamandojinsu, suka tare su daga kan tuddai. Aka shafe wata takwas ana fafatawa ba tare da an ci gaba ba, a watan Disamba aka janye. Ostiraliya ta rasa mutum fiye da 8,000. Ko da yake ba a yi nasara ba, mutanen ƙasar sun ɗauki wannan rana a matsayin ranar da duniya ta san da zamansu.

A Yaƙin Duniya na Biyu kusan mutum miliyan ɗaya ne suka yi aikin soja. Sun riƙe garin Tubruk na Libiya a 1941, sun kuma yi yaƙi a El Alamein ta ƙasar Masar a 1942. A watan Fabrairun 1942 Japan ta ci Singafo, ta kama sojojin Ostiraliya kimanin 15,000, bayan kwana huɗu kuma jiragenta suka yi ruwan bama-bamai a garin Darwin. Wannan ya nuna cewa Ingila ba za ta iya kare ƙasar ba, sai ta juya ga Amurka. Tare da Amurka ta shiga yaƙin Koriya a 1950, da na Biyetnam a 1962.

7.0 Sojojin Aborijin

A nan ne sassan tarihin biyu suke haɗuwa. Dokar soja ta ware waɗanda ba jinin Turawa ba, amma Aborijin fiye da 1,000 sun shiga Yaƙin Duniya na Farko, wasunsu ta hanyar ɓoye asalinsu. A fagen yaƙi albashinsu ɗaya da na sauran sojoji. Da suka koma gida sai abin ya zama kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Gwamnati ta raba wa 'yan mazan jiya gonaki, amma Aborijin ƙalilan ne suka samu.

Iyalin Lovett na al'ummar Gunditjmara misali ne. 'Yan'uwa biyar suka tafi yaƙin farko, huɗu daga cikinsu suka sake shiga soja a na biyu. Bayan yaƙin aka yanka filayen tafkin Condah, inda suka tashi, aka raba wa tsofaffin sojoji Turawa. Ɗaya daga cikinsu, Herbert Lovett, ya nemi fili, bai samu ba. Daga wannan al'umma ne kuma Reg Saunders ya fito, wanda ya zama hafsan soja na farko daga cikin Aborijin a shekarar 1944.

8.0 Kammalawa

Gyara ya zo, amma sannu a hankali. A 1949 aka ba Aborijin da suka yi soja 'yancin zaɓen tarayya, a 1962 aka ba sauran. A 1967 fiye da kashi 90 cikin ɗari na masu zaɓe suka amince a saka su cikin lissafin jama'a. A 1992, a shari'ar da Eddie Mabo da abokansa suka shigar, babbar kotun ƙasar ta yi watsi da cewa ƙasar ba ta da mai ita kafin zuwan Turawa. A 2008 Firayim Minista Kevin Rudd ya nemi gafara a majalisa saboda yaran da aka raba da iyayensu. Sai dai a 2023 masu zaɓe sun ƙi amincewa da a kafa majalisar shawara ta 'yan asalin ƙasar a cikin tsarin mulki. Ranar 26 ga watan Janairu kuwa, wadda gwamnati take kira Ranar Ostiraliya, Aborijin da yawa suna kiran ta Ranar Mamaya, sukan fito zanga-zanga maimakon biki.

Tambayoyi

1. Mene ne dalilin da ya sa Ingila ta fara kai fursunoni Ostiraliya?
2. Yi bayanin yadda kiwon tumaki ya jawo rikici tsakanin Turawa da Aborijin.
3. Me ake nufi da karin maganar "kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi"? Kawo jimla ɗaya taka da ita.
4. Fito da jimloli biyar daga sashe na 4.0 masu ɗauke da lamirin "aka" ko "an", ka faɗi abin da ya bambanta su.
5. Rubuta sakin layi ɗaya a kan bambancin ranar 26 ga Janairu da ranar 25 ga Afrilu a tarihin Ostiraliya.