Yawan Wuraren Yanka a Zaren Gado na Ƙwayoyin Bairus

Zaren gado, wanda masana ke kira DNA, rubutu ne na haruffa huɗu kaɗai, watau A, C, G, da T. A jikin bakteriya kuwa akwai waɗansu enzayim masu aiki kamar almakashi, amma ba su yanka sai inda suka tarar da wata kalma tasu. Shi EcoRI, wanda aka samo daga bakteriyar hanji, kalmarsa GAATTC ce.

Lissafin ba shi da wuya. Tun da kowane gurbi ɗayan haruffa huɗu zai zauna a cikinsa, kalma mai haruffa shida za ta faɗo sau ɗaya cikin 4,096, in dai haruffan sun zo barkatai kuma yawansu ɗaya. Bairus ɗin da ke kawo ciwon hanta nau'in B, wanda likitocin Sakkwato suka sani sarai, haruffansa wajen 3,200 ne. Ashe ba mamaki da aka sami wurin EcoRI ɗaya tak a yawancin irinsa, har masana suka mai da shi mafarin ƙidayar haruffan. SV40 na birai, mai 5,243, shi ma ɗaya gare shi. Wannan bairus ne Danna da Nathans suka yayyanka kashi 11 a 1971, da wani enzayim dabam.

Inda lissafi ya ke tuntuɓe shi ne wajen bairus masu cin bakteriya. Lamda yana da haruffa 48,502, ya kamata a sami wajen wuri 12, sai aka sami 5. T7 kuwa, mai kusan 40,000, ko ɗaya babu, alhali ana tsammanin wajen goma. Wannan ya fi ƙarfin katari. Dalili shi ne, su enzayim ɗin makaman bakteriya ne: tana sa wa nata kalmomin alama don kada a taɓa su, na baƙo kuwa a daddatse. Bairus ɗin da ya shigo da wuraren yanka da yawa ya halaka, wanda sauyin harafi guda ya ɓata masa kalmar ya tsira ya hayayyafa, har bayan zuriya da yawa kalmar ta yi wuyar gani. T4 ma bai tsaya ga wannan ba, sai ya lulluɓe harafinsa na C da sukari, almakashin ya kāsa kamawa.

Saboda haka 4,096 mizani ne kurum. Duk wanda zai zaɓi enzayim don bambance irin bairus, lalle ya ƙirga wuraren cikin jerin haruffan kansa tukuna.