Me ya sa talabijin ɗin mai shayi ba ta daɗewa?

Idan kana zama teburin mai shayi a Makarfi ko Hunkuyi ko Ikara, musamman a daren da ake buga wasan Firimiya, ɗaga kai ka duba inda aka maƙala talabijin. Sau tari za ka tarar tana jikin bango ko jikin katako a bayan mai shayin, daidai saman wurin da tukunyar ruwan zafi ke tafasa, kaskon suyar ƙwai na gefe. Akwai dalili. Nan ne wurin da duk wanda ke kan benci yake fuskanta, nan ne hannun yara ba ya kaiwa, kuma nan ne idon mai ita yake a kowane lokaci.

A hunturun da ya wuce na je gida hutu, na zauna wurin wani mai shayi da muka saba da shi tun ina sakandare. Sai na ga talabijin ɗinsa ba hoto, murya kawai ke fita. Na ce, "Baba, me ya same ta?" Ya ce wannan ce ta biyu cikin shekara uku, kuma ya tabbata wuta ce take zuwa da ƙarfi tana ƙona masa kaya. Mai yiwuwa ne, don hawa da saukar wutar lantarki na kashe kaya ba kaɗan ba. Amma da na miƙe na ɗora tafin hannuna a bangon da ke ƙarƙashinta, sai na ji shi da ɗumi kamar bayan tukunya, yatsuna kuma suka dawo da baƙin maiƙo. Wutar da nake zargi ba ta cikin waya ba ce, ta murhu ce.

Wannan tambaya ta ko ya dace a rataye talabijin a saman wuta, a Turai da Amurka ma ana yawan yin ta, domin gidajensu na da murhun jin ɗumi a cikin falo, kuma saman murhun ne ya fi ɗaukar ido. Sai dai nasu murhun yana da bututun da ke zuƙe hayaƙi ya fitar da shi ta saman rufi. Namu ba shi da shi. Ko kurfoti ne, ko risho, ko murhun itace, ko kaskon garwashin da ake shiga da shi ɗaki a watan Disamba da Janairu, duk abin da wutar ta fitar a cikin wurin yake zama. Ke nan matsalar ta fi shafar mu fiye da su.

Bari mu fara da yadda talabijin ke shan iska, don nan ne gaba ɗaya zancen yake. Juya bayan taka ka duba. Za ka ga ƙananan ramuka a jere ta ƙasa, wasu kuma ta sama. Ba ado ba ne. Talabijin irin ta yanzu mai inci 32 tana cin wutar da ta kai wat 30 zuwa 50 ko kusa da haka, kuma kusan dukkan wannan wutar a ƙarshe zafi take komawa a cikin cikinta. Yawancinsu ba su da fanka kamar kwamfuta. Dabarar da suka dogara da ita ita ce wadda ka sani tun kana yaro: iska mai zafi sama take yi. Idan iska ta ɗumama sai ta buɗe, ta yi sauƙi. Iskar da ta kai digiri 100 a ma'aunin Salshiyos ta fi wadda ke digiri 20 rashin nauyi da wajen kashi ɗaya cikin biyar. Saboda haka iskar da ta ɗumama a cikin talabijin sai ta fice ta ramukan sama, fitarta kuma ta jawo sabuwa mai sanyi ta ramukan ƙasa. Haka take numfashi ba tare da ka ji ƙara ba.

To yanzu ka kunna wuta a ƙarƙashinta. Iskar da ke tashi daga murhu ita ma sama take yi, kuma idan murhun na kusa da bango, ba ta watsuwa, bin jikin bangon take yi tana hawa (shi ya sa kake ganin baƙin hayaƙi ya ja layi a bangon kicin). Ina za ta fara tararwa? Ramukan ƙasan talabijin, wato ƙofar da aka tanada domin iska mai sanyi. Na'urar na neman abin da zai huce mata, kai kuma kana ɗura mata tururi.

Takardar da ke zuwa cikin kwali, wadda yawancinmu ba ma karantawa, takan faɗi iyakar zafin wurin da ya kamata talabijin ta yi aiki. A mafi yawan kamfanoni iyakar ba ta wuce digiri 40, wasu ma 35. Ka tuna a yankinmu na arewacin Kaduna, a watan Maris da Afrilu, zafin rana kaɗai kan doshi wannan iyakar tun ba a hura wuta ba. Idan rumfar ta kwano ce babu silin, iskar da ke tare a can sama kusa da kwanon ta fi ta ƙasa zafi nesa ba kusa ba. Ka ga ke nan abu biyu sun haɗu mata: kwano ta sama, murhu ta ƙasa.

Wani zai ce ai tawa ta yi shekara a wurin ba abin da ya same ta. Gaskiya ne, kuma wannan shi ne abin da ke ruɗar mutane. Zafi irin wannan ba ya kashe talabijin nan take, rage mata kwana yake yi. A allon da ke karɓar wuta yana rarraba ta akwai wasu 'yan gwangwanaye masu kama da ƙaramin batir, masu gyara na kiransu kafasito. A cikin kowanne akwai wani ruwan sinadari, kuma a hankali ruwan yake bushewa. Yadda zafi ke hanzarta irin wannan aiki na sinadarai, wani masani ɗan ƙasar Suwidin mai suna Svante Arrhenius ne ya tsara lissafinsa a 1889. Daga lissafin nasa injiniyoyi suka ciro wata ƙa'ida mai sauƙin riƙewa game da irin waɗannan kafasito: duk ƙarin digiri 10, tsawon rayuwarsu na raguwa da rabi.

Mu gwada da alƙaluma. Akwai kafasito da yawa da aka ƙera su jure awa 2,000 a zafin digiri 105. Idan a cikin talabijin ɗinka yana zaune a digiri 65, ka sauko da goma sau huɗu ke nan, sai ka ninka 2,000 sau huɗu: 4,000, 8,000, 16,000, 32,000. Awa 32,000 ga mai kallon awa shida a rana ya haura shekara 14. Ka ƙara masa digiri 10 kacal, ya koma shekara bakwai da 'yan kai. Ka ƙara wasu goman, bai kai shekara huɗu ba. Mai shayi kuwa ba awa shida yake kunnawa ba, daga safe ne har tsakar dare in akwai wuta ko janareta. Wannan ƙiyasi ne, ba alƙawari ba, amma yana nuna maka girman abin da digiri ashirin ke ci. Idan kafasito ya gaji, kansa kan kumbura, talabijin ta riƙa jinkirin tashi, ko jar fitilar ta yi ta ƙiftawa ba ta kawo hoto ba.

Ita kuwa ta Baba mai shayi, mai murya babu hoto, alamarta ta fi kama da mutuwar fitilun bayan gilashi. A nan sai na ɗan yi gyara: abin da muke kira falasma a kasuwa, kusan duk ba falasma ba ce. Manyan kamfanonin da ke yin falasma ta ainihi, Panasonic da Samsung da LG, sun daina ƙera ta tun wajen 2014, sunan ne kawai ya zauna a bakinmu. Waɗanda muke saye yanzu gilashinsu ba ya ba da haske da kansa. Akwai jerin ƙananan fitilun LED a bayansa da ke haska shi, kuma su ma zafi ne babban abokin gabarsu. Sau da yawa a jere ake haɗa su, ɗaya ta mutu sai layin ya ɗauke. In kana son ka gane, kunna talabijin ɗin a cikin duhu ka haska gilashin da tocilan daf da daf. Idan ka hango hoto dishi-dishi yana motsi, gilashin lafiyarsa ƙalau, fitilun ne suka tafi, kuma mai gyara na iya canza su.

Sai hayaƙi, wanda ni a ganina ya fi zafin ma ɓarna a wurinmu. Hayaƙin itace da na kananzir na ɗauke da ƙananan ƙwayoyin gawayi, su ne ke taruwa su zama kunkunniya a rufin ɗakin girki. Suyar ƙwai da indomi kuma na tayar da tururin mai. Duk suna bin hanya ɗaya da iskar, su shiga ta ramukan ƙasa. Maiƙon ya kwanta a kan allo, sai ƙurar hunturu ta zo ta manne a kansa, shekara guda ta isa a sami wani kauri kamar bargo. Bargon nan na hana zafi fita, yana kuma toshe ramukan. Bayan haka, gawayi na iya ɗaukar lantarki. Da damina ta faɗi, dattin ya sha laima, sai wuta ta fara samun hanyar tsallakawa tsakanin wayoyin da bai kamata su haɗu ba. Shi ya sa za ka ga kayan da suka sha ƙura da hayaƙi duk rani, sai ruwa ya sauka sannan su fara rikici, mai su ya ce tsawa ce.

Maganin bai kai ciwon tsada ba. Tunda iskar murhu a miƙe take tashi, matsar da talabijin gefe da mita ɗaya ko fiye ya fi ɗaga ta sama amfani sosai. Ɗaga ta ma kan kai ta cikin zafin kwano ne kawai. In wurin ya yi ƙunci babu yadda za a yi, a kafa kanta mai faɗi tsakanin wutar da ita, wadda ta fi talabijin ɗin fitowa gaba, domin ta karkatar da iskar. In kantar za ta kusanci harshen wuta, ta ƙarfe ko ta siminti za a yi, ba katako ba. A bar tazarar kamar santimita 10 a sama da gefunanta, kada a cusa ta cikin akwatin da ba shi da huji, kuma leda ko ƙyallen da ake rufa mata saboda ƙura a cire shi gaba ɗaya kafin a kunna. Kafin ka huda bango ma, yi gwaji biyu. Manna farar takarda a wurin ka bar ta mako guda ana girki kamar kullum, in ta canza launi ka sami amsa. Sannan ka rataye ma'aunin zafi na ɗaki a wurin lokacin da wuta ke ci sosai. In yana kusantar 40, nemi wani bangon.

Akwai kuma batun wuya, wanda ya fi shafar masu kwaikwayon wannan ɗabi'a a cikin gida. A teburin shayi ko gidan kallo, tsayin ba laifi ba ne, domin wanda ke benci mita biyar daga allo ɗan ɗaga ido kawai zai yi. A ɗaki lissafin daban ne. Mai zaune a tabarma idonsa na wajen santimita 80 daga ƙasa. Idan tsakiyar allon na mita 1.8, shi kuma yana nesa da mita biyu, sai ya ɗaga kallonsa sama da digiri 25, alhali ido ya fi sakewa in yana kallon daidai saitinsa ko ƙasa kaɗan. Kan babban mutum ya kai kilo biyar, ka riƙe shi a karkace har a gama Daɗin Kowa ka ji yadda wuya zai gaya maka. Hoton ma kan dusashe in ana kallon irin wannan gilashi daga ƙasa. Ka zauna yadda kuka saba zama, ka sa a yi alama a bango daidai idonka, nan ne tsakiyar allo. In dole sai ta yi sama saboda yara, sayi ƙarfen rataya mai sunkuyowa. Kuma a ginin ƙasa kada ka amince wa ƙusa ita kaɗai, filastar siminti ba ta riƙe nauyi, gara teburi ko katakon da aka kafa tun daga ƙasa.

Kaskon garwashi a ɗakin kwana kuwa, zancensa ya wuce na talabijin. Gawayin da ke ci a rufaffen ɗaki na fitar da iskar kabon monoksaid, ba ta da wari ba ta da launi, kuma tana kama jini fiye da iskar da muke shaƙa don rayuwa sau fiye da 200. Ciwon kai da jiri da kasala su ne alamun farko, mai barci kuwa ba zai ji su ba. In an ji ɗumi, a fitar da kaskon waje kafin a rufe ƙofa a kwanta.

Baba dai bai yarda da ni nan take ba, ya ce ilimin boko ne. Amma da mai gyara ya buɗe bayanta a gabansa, ya ga abin da ya kwanta a kan allon, da kansa ya nemo kafinta. Yanzu tana bangon gabas, kusa da inda yake jera burodi, mu kuma sai da aka juya mana benci.