Kiwon Kare: Haƙƙin Dabba da Haƙƙin Maƙwabci

Babu dabbar da muke mora kuma muke wulaƙantawa kamar kare. Shi ke kwana a ƙofar gida yana gadi, shi ke bin makiyayi cikin daji yana tare masa garke, shi ke kutsawa cikin ƙaya ya taso wa mafarauci zomo. Amma akuya in ta ƙi cin dusa na yini ɗaya, kafin magariba an nemo mai duba dabbobi. Kaza ma ana saya mata magani ranar kasuwa. Kare kuwa sai ya tsufa a gida bai taɓa ganin allura ba, abincinsa ƙanzon tukunya in an tuna da shi, in ba a tuna ba ya nufi juji. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: akuya kuɗi ce, ana sayar da ita ranar buƙata, shi kuwa kare ba a ganin kuɗinsa a hannu. Ga shi kuma matsalar tsaro ta sa gidajen da a da ba su san kiwon kare ba yanzu sun ajiye, a birni da ƙauye. Masu karnuka sun ƙaru, sanin yadda ake kiwonsu bai ƙaru ba.

Wasu na fakewa da addini wajen wannan sakaci, to bari mu fara daga nan. Gaskiya ne hadisi ya yi gargaɗin cewa wanda ya ajiye kare ba don farauta ko tsaron dabbobi ko tsaron gona ba, ladansa yana raguwa kullum. Gaskiya ne kuma an umarta a wanke mazubi sau bakwai in kare ya sa baki a ciki. Sai dai addinin da ya faɗi haka shi ne ya halatta naman da horarren kare ya kamo, kamar yadda ya zo a Suratul Ma'ida, shi ne kuma ya ba mu labarin mutumin da Allah Ya gafarta wa saboda ya shiga rijiya ya ɗebo ruwa a huffinsa ya shayar da kare mai ƙishirwa. A mazhabar Malikiyya, wadda mafi yawan mutanenmu suke bi, kare mai rai ba najasa ba ne. Malamai suna ba da labarin Ibn Abi Zaid Alƙairawani, mai littafin Risala da ake karantawa a zaurukanmu, cewa da katangar gidansa ta faɗi ya ji tsoro sai ya ajiye kare, da aka yi masa magana ya nuna cewa zamani ne ya kawo larurar. Ba fatawa nake bayarwa ba, wannan aikin malamai ne. Abin da nake cewa shi ne, kana da zaɓin kada ka ajiye kare sam, amma in ka ajiye, ci da sha da lafiyarsa sun hau wuyanka, kuma ba wani littafi da ya ba ka izinin azabtar da shi.

Abin da ya sa maganar ta wuce tausayin dabba shi ne ciwon haukan kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa yana kashe mutane kusan 59,000 a kowace shekara, kashi 95 cikin ɗari a Afirka da Asiya. Kusan duk waɗanda suka kamu, har kashi 99 cikin ɗari, daga kare suka samo shi, kuma kimanin kashi 40 cikin ɗari yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Yaro shi ke wasa da kare, shi ke jifansa, shi ne gajere wanda cizo ke samu a fuska ko a wuya. Shi ne kuma zai ɓoye cizon don tsoron duka.

Ƙwayar cutar tana cikin yawun dabbar da ta kamu. In ta shiga jiki ta wurin cizo, ko yaƙushi, ko lasar wani buɗaɗɗen rauni, ba ta bin jini, jijiyoyi take bi sannu a hankali har ta kai ƙwaƙwalwa. Tafiyar kan ɗauki wata biyu zuwa uku, tana iya gajarta zuwa mako guda, tana iya kai shekara. Gwargwadon kusancin cizon da kai, gwargwadon saurin isarta. A nan yaudarar take. Rauni ya warke, tabo ya bushe, kowa ya manta. Sai wata rana zazzaɓi ya taso, wurin tsohon cizon ya fara ƙaiƙayi ko zogi, mutum ya shiga firgita da ruɗewa, maƙogwaro ya riƙa shaƙewa har ya kasa haɗiyar ruwa alhali ƙishirwa na cinsa. A lokacin ne dangi kan ce iska ce ko sammu. Da zarar alamu sun bayyana, kusan babu wanda ke tashi, ko da a asibitin da ya fi kowane kayan aiki a duniya. Amma kafin su bayyana, ana iya tare cutar kusan ɗari bisa ɗari. Tun ranar 6 ga Yulin 1885 aka san haka, ranar da masanin nan na Faransa, Louis Pasteur, ya fara yi wa wani yaro mai shekara tara allura bayan mahaukacin kare ya cije shi, yaron kuma ya rayu. Ranar rasuwar Pasteur, 28 ga Satumba, ita aka ware don tunawa da yaƙi da wannan ciwo a duniya. Shekara fiye da 130 ke nan da samun mafita, mu kuma har yau muna binne yara.

In kare ya ciji mutum, abu na farko ba ya buƙatar ko sisi. A wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa, ana zubawa ana wankewa, har tsawon minti 15. A duba agogo, domin minti 15 ya fi yadda ake zato tsawo. Wannan wankin kaɗai yana rage yawan ƙwayar cutar ƙwarai. In akwai aidin a shafa. Kada a tusa barkono ko toka ko ƙasa, kada a ɗaure wurin tamau, kuma ƙona gashin karen a barbaɗa a kan raunin, wanda har yanzu wasu ke yi, ba ya kashe komai sai lokaci. Daga nan sai asibiti, a ranar, ba gobe ba. Allurar ba ɗaya ba ce, ana yin ta ne a ranar farko, da ta uku, da ta bakwai, wani tsarin kuma da ƙari bayan mako biyu zuwa huɗu. Mutane da yawa kan karɓi ta farko su ɓace don sun ga rauni ya kame, wannan kuwa asarar kuɗi ce da kasada da rai. In cizon ya yi zurfi, ko a fuska yake, likita na iya ƙarawa da wata allura da ake yi a kewayen raunin. Mai ciki da jariri duka ana yi musu.

Shi kuma karen, abin da muka saba shi ne a taru a bi shi da sanduna. In karen gida ne da aka san mai shi, ya fi kyau a tsare shi a wuri guda, ana ba shi abinci da ruwa, a zuba masa ido kwana goma. Karen da ke da cutar a yawunsa lokacin da ya yi cizo zai nuna alama ko ya mutu cikin waɗannan kwanaki. Ba a jiran kwana goman kafin a fara allura. A fara, in kare ya wuce lafiya likita ne zai ce a tsaya. In kuwa ya mutu ko dole ta sa an kashe shi, kada a fasa kansa, kada a taɓa shi da hannu tsirara. A kira ma'aikacin dabbobi, domin da ƙwaƙwalwar ake gwaji, irin wanda ake yi a Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato, wadda aka kafa tun 1924, kuma take sarrafa allurar rigakafin karnuka.

A kuma lura, ba kowane mahaukacin kare ke gudu yana cizon duk abin da ya gani ba. Akwai wanda ke yin laƙwas, haɓarsa ta saki, yawu na dalala, kamar ƙashi ya maƙale masa a wuya. Mai shi sai tausayi ya kama shi ya zura hannu don ya ciro ƙashin. Kada ka yi. Kwikwiyo ma yana ɗauke da cutar, haka kyanwa. Saniya da akuya da jaki in an cije su suna kamuwa su mutu, don haka makiyayin da ya ƙi yi wa karensa allura garkensa ya sa a caca.

Maganin abin daga tushe shi ne a yi wa karnuka rigakafi. Masana sun nuna cewa in kashi 70 cikin ɗari na karnukan wani yanki suka samu allura, cutar ba ta samun hanyar yaɗuwa, sai ta mutu da kanta. Da haka Meziko ta kai ga Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar a 2019 cewa ta kawar da mutuwar mutane ta wannan hanya, kuma duniya ta sa wa kanta wa'adin 2030 don cimma haka a ko'ina. Allurar kare ɗaya ba ta kama ƙafar kuɗin da ake kashewa kan mutum ɗaya da aka ciza ba. Zuba wa karnukan unguwa guba kuwa, wanda akan yi in an fusata, ba ya magance komai. Yana kashe har waɗanda aka yi wa allura, yana kashe ungulu da sauran masu cin mushe, kuma muddin juji da mahauta suna nan, wasu karnukan da ba a san lafiyarsu ba za su zo su maye gurbin.

Ana yi wa kwikwiyo allurar haukan kare in ya kai wata uku, sannan a riƙa sabuntawa kowace shekara, a kuma adana katin, domin ranar da karenka ya ciji ɗan maƙwabci katin nan ne zai raba ku. Kafin ita, daga mako shida zuwa takwas, akwai allurar haɗin gwiwa da ke tare cututtuka da dama, cikinsu har da wadda likitoci ke kira fabo, mai sa amai da gudawar jini mai wari, wadda ke kashe kwikwiyo cikin 'yan kwanaki. Maganin tsutsar ciki ana farawa tun yana mako biyu, babban kare kuma duk wata uku, wasu tsutsotsin nasa ma suna kama yara masu wasa a ƙasa. Kaska ba jini kaɗai take sha ba, tana sa wa kare zazzaɓin da ke ƙarar da jininsa. In ka ɗaga leɓensa ka ga dasashi ya yi fari fat, nemi likita. Shafa baƙin man mota don maganin ƙazuwa, ko yi masa wanka da fiya-fiya, guba ce kawai, zai lashe ta. Haka farasitamol da sauran magungunan ciwon jiki na mutane suna iya lalata masa hanta ko ƙoda. Albasa da tafarnuwa masu yawa suna fasa masa jini, dafaffen ƙashin kaza kuma yana tsagewa ya huda hanji. Sai ruwa da inuwa: kare ba ya zufa kamar mu, da haki yake sanyaya jikinsa, don haka ɗaure shi a rana cikin watan Afrilu kisa ne. Masu sha'awar manyan karnukan waje masu gashi buzu-buzu, waɗanda asalinsu na ƙasashen ƙanƙara ne, su yi tunani sau biyu kafin su kawo su Sakkwato ko Maiduguri. Karenmu na gida ya fi su jure zafi da ciwo. Kuma mu daina raina na gida: siririn karen nan mai dogayen ƙafafu na Buzayen Azawak, tsakanin Nijar da Mali, yau a Turai da Amurka ana kiwonsa ana alfahari da shi.

Wajen horo, kuskuren da ya fi yawa shi ne zaton cewa mugunta ce ke sa kare iya gadi. Sai a kulle shi a duhu, a hana shi abinci, a riƙa dukansa wai don ya yi zafi. Abin da ake samu shi ne matsoracin kare, shi kuwa matsoraci bai san ɓarawo ba bai san almajirin da ya zo bara ba, wanda ya fi kusa shi yake cizo. Karen gadi na ƙwarai shi ne wanda ya san mutanen gida da dabbobin gida, yake yin haushi in ya ga baƙo, yake kuma yin shiru in mai shi ya ce ya bari. Ana gina wannan ne tun yana ƙarami, musamman kafin ya cika wata uku, lokacin da yake saurin sabo da duk abin da ya gani. Kada a raba shi da uwarsa kafin mako takwas. A zaɓi 'yan kalmomi kaɗan, "zo", "zauna", "bari", kowa a gidan ya riƙa faɗin su iri ɗaya. Ya yi daidai, a ba shi ɗan abin taɓawa nan take, domin in an jinkirta ba zai haɗa ladan da aikin ba. Minti biyar zuwa goma sun isa a zama ɗaya. Tsofaffin mafarauta sun san wannan tun kafin a rubuta shi a littafi, shi ya sa karensu ke jin fito daga nesa ya dawo. A koya wa yara su ma: ba a taɓa kare yana ci, ko yana barci, ko karya tana shayarwa, kuma in baƙon kare ya taso, a tsaya cik, gudu ne ke ingiza shi.

Karya tana ɗaukar ciki wajen kwana 63, kuma yawanci tana iya haihuwa sau biyu a shekara. Daga nan ake samun kwikwiyoyin da ake zubarwa a kwata, yara su ɗauka su ɗaura musu igiya suna ja a titi. Wanda ba ya son ƙari ya kai karensa a dandaƙe shi, ko a yi wa karyar aikin hana haihuwa. Asibitocin koyarwa na dabbobi, irin na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, suna yi. In ka tsinci kare da mota ta buge kana son taimakonsa, ka sani zafin ciwo yana sa ko mai ladabi cizo. A lulluɓe shi da buhu ko bargo kafin a ɗaga, a ware shi daga yara da sauran dabbobi har likita ya gan shi.

Masu unguwanni da dagatai da sarakunan farauta sun san kowane gida mai kare a yankinsu, sanin da babu wani ofishi da yake da shi. Su je sashen kula da dabbobi na ƙaramar hukumarsu su nemi a sa musu rana, a yi shela a masallaci da coci da kasuwa, kowa ya fito da karensa a yi masa allura. Kai kuma mai kare, kada ka jira shelar. Duba katin karenka yau, in babu, ko ya wuce shekara, kai shi asibitin dabbobi cikin makon nan.