Kafin a Tsira wa Kare ko Kyanwa Allura, a Bari Likita Ya Gano Inda Ciwon Yake

Akwai wata ɗabi'a da ta zama ruwan dare tsakanin masu kiwon karnuka da kyanwoyi a garuruwanmu. Mutum zai kashe maƙudan kuɗi ya sayo karen gadi na ƙasar waje, ko kyanwar Farisa don yaransa, amma ranar da dabbar ta wayi gari tana jan ƙafafun baya ko tana tangaɗi, sai ya aiki yaro kemis. Ba wanda ya tambayi me ya same ta, balle a ina. Abin da kawai za ka ji shi ne, "A yi mata allura, za ta miƙe."

A unguwarmu wani kare ya faɗo daga bayan a-kori-kura, ƙafafunsa na baya suka ƙi ɗaukarsa. Maigidan ya kira wani mai yi wa awaki allura, shi kuma ya haɗa masa deksametason da diklofenak ya ɗirka masa. Da aka ga shiru, aka nemo mai ɗori, ya murza bayan, ya ja ƙafafun da ƙarfi wai ƙashi zai koma mazauninsa. Sai da abin ya ci tura aka cusa shi cikin buhu, aka ɗora a kan babur zuwa asibitin dabbobi. Ya isa da mafitsara a cike tam, kashinsa baƙi ƙirin saboda jinin da ke zuba a cikinsa, domin haɗa waɗannan magunguna biyu kan janyo gyambon ciki. Da likita ya matse yatsan ƙafar da ƙarfi, ko waiwaye karen bai yi ba. Duk abin da aka yi masa da sunan taimako, daga murzar har buhun, ƙara lalata lakar da ta riga ta ji rauni ya yi. Wannan ba rashin kuɗi ba ne, ganganci ne.

Abin da mutane ba su gane ba shi ne, a ciwon jijiyoyi tambayar farko ita ce: a ina matsalar take? Kamar mai gyaran wutar lantarki ne, ba ya sauya ƙwan fitila sai ya bi waya ya gano inda ta yanke. Ƙafar da ta shanye tana iya zama lafiyarta ƙalau, ciwon yana can cikin laka, ko a wuya, ko ma a ƙwaƙwalwa. Dabba kuwa ba ta magana, jikinta ne ke ba da amsa. Idan ka cika ta da maganin barci ko na kashe zafi kafin a duba ta, ka toshe bakin mai ba da shaida.

Binciken ba ya bukatar manyan na'urori. Likita zai fara zuba ido: shin dabbar tana cikin hayyacinta, ta gane mai ita? Zai sa ta yi tafiya ya ga ko tana jan farce, ko tana harɗe ƙafafu, ko tana zagaye gefe guda. Sannan ya lanƙwashe tafin ƙafarta ya ɗora bayansa a ƙasa. Mai lafiya nan take za ta gyara. Wadda ta bar shi haka, saƙo ba ya isa ƙwaƙwalwa daga wannan ƙafar. Zai kai hannu wajen idonta kamar zai buge ta ya ga ko za ta ƙifta, ya haska tocila ya ga ko baƙin idon zai tsuke, ya taɓa gefen ido da cikin hanci. Da haka yake gwada jijiyoyi 12 da ke fitowa daga kai a kowane ɓangare. Zai ƙwanƙwasa ƙasan gwiwa da 'yar guduma ta roba, ya mintsini tsakanin yatsu, ya bi fatar baya yana mintsini daga ƙugu zuwa kafaɗa har ya ga inda fatar ta fara motsi.

Daga nan yake haɗa lissafi. Farfaɗiya, sauyin hali, zagaye da dafa kai a bango suna nuni ga gaban ƙwaƙwalwa. Karkata kai gefe ɗaya, faɗuwa ta wannan gefen da rawar ƙwayar ido suna nuni ga sashen daidaita tsayuwa, wanda sau da yawa ciwon cikin kunne ne ke taɓa shi. Ɗaga ƙafa fiye da kima da karkarwar kai lokacin da dabba ke ƙoƙarin cin abinci suna nuni ga ƙaramar ƙwaƙwalwa ta ƙeya. Idan ƙafafu huɗu ne suka raunana alhali kai lafiya, wuya ake dubawa. Idan na baya ne kaɗai, kuma suna zabura da ƙarfi in an ƙwanƙwasa gwiwa, ciwon yana tsakiyar baya. Idan sun yi laƙwas ba zabura, yana can ƙasa wajen ƙugu ko a jijiyoyin ƙafar. Kare yana da ƙashin wuya 7, na ƙirji 13, na ƙugu 7, don haka sai an san wurin kafin a san inda za a ɗauki hoto. In ba haka ba, asarar kuɗi ce kawai.

Gwajin ƙarshe shi ne na jin zafi mai zurfi, kuma a nan masu dabbobi ke yaudarar kansu. Janye ƙafa idan an matse ta ba ya nufin dabbar ta ji. Laka kaɗai tana iya yin wannan. Sai ta waiwayo, ko ta yi kuka, ko ta nemi cizo. Wadda har yanzu take ji tana da kyakkyawan fatan sake tafiya. Wadda ta daina ji, kowace sa'a da aka ɓata tana rage wannan fatan. Masu jira "a ga yadda zai kwana" su ji da kyau.

Kuma wasu ciwukan mu ne ke jawo su da hannunmu. Farasitamol guba ne ga kyanwa, ƙwaya ɗaya tana iya kashe ta. Maganin kaska na karnuka mai sinadarin famitirin yana sa kyanwa karkarwa da farfaɗiya. Ibamektin da ake auna wa shanu, in aka zarce kima ga ɗan kwikwiyo, yana kawo makanta da suma. Masu wanke kare da fiya-fiya don kashe ƙuma kuwa, su ne za ka gani suna mamakin dalala da rawar jiki.

Saboda haka, idan dabba ta kasa tashi, a kwantar da ita a kan katako ko faffaɗan abu mai tauri, kada a naɗe ta, kada a murza, kada a ba ta komai. A ɗauki bidiyon tafiyarta ko farfaɗiyar da waya, domin sau da yawa a gaban likita ba ta maimaitawa. Farfaɗiyar da ta kai minti 5, ko mai dawowa a jere, ta gaggawa ce, kuma kada a sa mata hannu ko cokali a baki. In an riga an ba da magani, a faɗi gaskiya, a je da kwalin. Kunya ba ta warkar da kowa. Jami'o'in Zariya, Sakkwato da Maiduguri duk suna da asibitocin koyarwa na dabbobi, kuma akwai asibitocin dabbobi na jihohi.

Abu ɗaya ne ya sha gaban duk wannan. Kare ko kyanwar da ba a yi wa rigakafi ba, ta sauya hali, muƙamuƙinta ya saki, yawu yana zuba, kada kowa ya buɗe bakinta wai neman ƙashin da ya maƙale. Ciwon haukan kare ba kullum yake zuwa da faɗa ba, yakan zo da shanyewa shiru, kuma da zarar alamunsa sun bayyana a jikin mutum kusan babu tsira. A killace dabbar, a kira likita. Wanda ta ciza ko ta yakusa ya wanke wurin da sabulu da ruwa na minti 15, ya tafi asibiti a ranar don allurar rigakafi.