BAGAN, BIRNIN HASUMIYOYI A ƘASAR BIRMANIYA

A nahiyar Aziya, cikin ƙasar Birmaniya wadda anka sake ma suna Miyammar a shekarar 1989, akwai wani fili mai faɗi a bakin kogin Irawadi. Duk inda mutum ya duba, hasumiyoyi ne na jan tubali, wasu an lulluɓe kawunansu da zinariya. Wurin shi ne Bagan, hasumiyoyin kuwa ana ce musu pagoda, wato gine-ginen ibada na mabiya addinin Buda.

Asalin birnin

Sarki Anawarata ya hau gadon mulki a shekarar 1044. Shi ne ya haɗa kan ƙasar, ya kuma ba addinin Buda gindin zama. Daga zamaninsa har ƙarshen ƙarni na 13, sarakuna da attajirai sunka yi ta gasar gini, domin a imaninsu wanda ya gina pagoda ya tara lada. Masana tarihi sun ƙiyasta an gina kimanin dubu 10. Fiye da dubu 2 suna tsaye har yau, don yankin ba shi da ruwan sama da yawa, tubalin kuma gasasshe ne.

Amma kowane gini sai an ba shi gonaki da ma'aikata, waɗanda ba su biyan haraji. Sannu a hankali baitulmali ya yi rauni. Da rundunar Mongol ta auka ma ƙasar a 1287, daular ta watse.

Yadda ginin yake

Ginin iri biyu ne. Na farko toshe yake, ba ya da ɗaki ko ƙofa, siffarsa kamar ƙararrawa kife. A cikinsa ake binne kayan tsarki, masu ibada kuwa sai su kewaya shi daga waje. Shuwezigon shi ne babban misalinsa. Na biyu yana da zaure da lunguna, da rufi irin na baka, da zane-zane a jikin bango. Mafi shahara shi ne Ananda, wanda Sarki Kiyanzita ya gina wajen shekarar 1100. Tsawonsa metir 51, kusan ninki biyu na hasumiyar masallacin Agadas. A cikinsa akwai mutum-mutumin Buda guda huɗu a tsaye, kowane yana fuskantar kusurwa ɗaya ta duniya.

Gyara ko ɓarna

Girgizar ƙasa ta 1975 ta yi ma Bagan mummunar ɓarna. A 1990 gwamnatin soja ta tada mazauna tsohon birnin, ta mai da su wani sabon wuri. Daga baya anka shiga gyara cikin gaggawa, da siminti da sabon tubali, domin jawo baƙi. Masana sunka ce wannan ba gyara ba ne, sake gini ne bisa ƙa. Da ƙasa ta sake girgiza a watan Agusta na 2016, gine-gine kusan 400 sunka lalace, kuma sau da yawa sabon aikin ne ya fara zubewa.

Daga nan hukuma ta koma neman shawarar masana, anka kuma hana ƴan yawon buɗe ido hawa bisa gine-ginen, abin da sunka saba yi don kallon faɗuwar rana. A watan Yuli na 2019 hukumar Yunesko ta sa Bagan cikin jerin kayan gadon duniya.

Murna ba ta daɗe ba. Annobar 2020 da juyin mulkin soja na 2021 sunka sa baƙi sunka ɗauke ƙafa, masu keken doki da masu sayar da ƙwaryar fenti sunka rasa ciniki. Darasin Bagan ga mahukunta a fili yake: tsohon gini yana ciyar da jama'a, amma sai an gyara shi da sani, an kuma samu zaman lafiya.