Tara kuɗin leda na ƙasashen waje: ina ake samun su da araha?

Takardar riyal 5 ta leda da Saudiyya ta fitar a 2020 ba ta kai jaka guda ta sefa ba a wurin ɗan canji. Amma idan aka saye ta ta intanet daga wani dillali a Turai, aka ɗora ribarsa da kuɗin aikowa, farashinta na iya ninkawa sau da yawa kafin ta iso Maraɗi, Garwa ko Kumasi. Wannan tazara ce ke sa masu sha'awar tara kuɗin ƙasashe su ɗauka sha'ani ne na masu hannu da shuni. Alhali yawancin takardun da ake farawa da su suna zuwa da kansu a aljihun alhazai, 'yan kasuwa da ɗalibai.

Mene ne kuɗin leda?

Ostareliya ce ta fara fitar da irin wannan kuɗi a 1988, da takardar dala 10, kuma zuwa 1996 duk takardun kuɗinta sun koma leda. Da wata roba mai suna polypropylene ake yin su. Ruwa ba ya lalata su, ba sa saurin yagewa, kuma suna da taga mai haske da ake hango bayanta, wadda ke wahalar da masu buga jabu. Kanada ta bi sahu daga 2011, Ingila kuma daga 2016.

A Afirka, Zambiya ce ta fara a 2003 da kwaca 500 da 1,000. Sefa, ko ta Yammacin Afirka ko ta Tsakiya, ba kuɗin leda ba ce, shi ya sa mazaunin Nijar, Kamaru ko Cadi duk ledar da zai tara ta waje ce.

A fara da maƙwabta

Mafi arahar tarin farko shi ne na Najeriya. Babban Bankin ƙasar ya fitar da naira 20 ta leda a 2007, sannan naira 5, 10 da 50 a 2009. Huɗun nan gaba ɗaya naira 85 ne, abin da a canjin yanzu bai kai dala goma ta sefa ba. Naira 5 na ɗauke da hoton Abubakar Tafawa Balewa, naira 10 Alvan Ikoku, naira 20 kuma Murtala Muhammed a gaba da Ladi Kwali mai ginin tukwane a baya. A jikin kowacce an rubuta darajarta da Hausa. Akwai kuma naira 50 ta musamman da aka buga a 2010 domin cika shekara 50 da samun 'yancin kai.

Abin da sabon mai tarawa ba ya lura da shi shi ne, takarda ɗaya tana da iri-iri. Kowacce na ɗauke da shekarar bugu da sa hannun gwamnan banki na lokacin. Naira 20 mai sa hannun Charles Soludo daban take da mai sa hannun Sanusi Lamido Sanusi ko Godwin Emefiele. Ta haka mutum zai iya cika shafuka da dama ba tare da ya kashe abin kirki ba.

Matsalar ita ce tsadar rayuwa ta sa ƙananan naira sun kusa ɓacewa daga kasuwa, waɗanda suka rage kuma sun koɗe. A garuruwan iyaka kamar Birnin Konni da Diffa, inda naira ke yawo tare da sefa, har yanzu ana iya cin karo da su, amma mai tsabta sai an tona. Sannan dokar Babban Bankin Najeriya ta 2007 ta haramta tallar takardun naira, irin yadda ake sayar da sababbi a wuraren biki, kuma hukuncin ya haɗa da ɗaurin wata shida ko tarar naira 50,000, ko duka biyun. Canji na halal ko ragowar kuɗin tafiya ya fi kwanciyar hankali.

Hanyar matafiya

Duk wanda ya dawo daga tafiya yakan dawo da 'yan canji da ba su da amfani a gida. 'Yan canji ba sa ɗokin ƙananan takardu, in ma sun karɓa sai su karya farashi. Nan ne damar mai tarawa: ya biya matafiyin daidai darajar kuɗin, kowa ya amfana.

Daga aikin hajji da umra ana samun riyal 5. Sai dai a duba da kyau, domin ta takarda da ta leda suna yawo tare, kuma zanensu kusan ɗaya ne. 'Yan kasuwar Dubai na iya kawo dirhami 50 ta 2021, da dirhami 5 da 10 na 2022. Ɗaliban Azhar da masu zuwa asibiti a Alƙahira na iya kawo fam 10 ta Masar ta 2022 mai hoton masallacin Al-Fattah Al-Alim, da fam 20 ta 2023. Ta hanyar Agadez ana samun dinari 1 na Libiya na 2019. Moritaniya kuwa, da ta sake fasalin ugiya a farkon 2018, ta fitar da jerin takardunta daga 50 zuwa 1,000 duka da leda. Ɗalibai a Maleshiya suna da ringgit 1 da 5.

Dabarar ita ce a yi magana da matafiyi kafin ya tashi. A roƙe shi ya nemi sabuwa a banki ko wurin canji na filin jirgi, ya sa ta a tsakiyar littafi, kada ya naɗe ta. Takarda biyu ko uku ba sa jawo matsala, amma mai ɗauko da yawa ya tuna cewa ƙasashe na da iyakar kuɗin da ake fita da su ba tare da an bayyana wa kwastan ba.

Sayayya ta intanet

Kuɗin ƙasashen da mutanen yankin ba sa yawan zuwa, kamar Romaniya, Biyetnam ko tsibiran Cap-Vert, sai ta dillalai. Shafin Delcampe na ƙasar Beljiyam yana aiki da Faransanci, akwai kuma eBay. Numista da Colnect kuwa kundin bayanai ne da ke nuna hoton kowace takarda da shekarunta, kuma masu tarawa na musaya a cikinsu.

Kafin a biya, a lissafa ainihin darajar takardar. Misali, eskudo na Cap-Vert a ɗaure yake da yuro kamar sefa: eskudo 110.265 ne yuro guda, sefa kuma 655.957. Ke nan takardar eskudo 200 ta leda ta 2014 kusan sefa 1,190 ce. Abin da ya haura haka ribar dillali ce da kuɗin aikowa, kuma mai saye ya san nawa yake biya a kai.

Sau da yawa kuɗin aikowa ya fi takardar tsada. Shi ya sa ya fi sauƙi a sayi takardu da yawa daga dillali ɗaya a ƙunshi guda, ko abokai uku ko huɗu su haɗa oda, ko a aika wa ɗan'uwa da ke Faransa ko Beljiyam ya taho da su in zai zo gida. Aika kuɗi a wasiƙar da ba a yi wa rajista ba kasada ce, kuma gidajen waya da yawa sun hana.

Musaya ma hanya ce. Naira 20 mai tsabta ko ugiya 50 da ba ta da wuya a nan, baƙuwa ce ga mai tarawa a Turai ko Asiya, kuma yana iya ba da leu 1 na Romaniya a madadinta.

Lafiyar takarda da tarkon 'yan damfara

Farashi na bin lafiyar takarda. Dillalan Faransa na rubuta Neuf ga wadda ba ta taɓa yawo ba, na sauran ƙasashe UNC, sai matakai na ƙasa kamar SUP da TTB. Akwai kamfanoni irin su PMG da ke tantance takarda su rufe ta, amma ga ƙaramar takarda ladan tantancewar ya fi ta tsada. Mai farawa ba ya bukatarsa.

Hausawa na cewa araha ba ta ado. Ana tallar robobi masu ruwan zinare da aka zana kamar dala ko yuro, da "kuɗin" wuraren da ba su da babban banki, irin su Antaktika. Kayan tsaraba ne, ba kuɗi ba. Akwai kuma takardun da aka daina karɓa, kamar tsofaffin kwaca na Zambiya: suna da daraja ga mai tarawa, amma ba wanda zai canza su, don haka kada a saye su da sunan jari. A gwada hoton dillali da na kundin bayanai, a kuma guji wanda ya nace sai an tura kuɗi ta waya kafin ya nuna lambar takardar.

Adana su a ƙasar zafi

Leda na jure ruwa amma ba ta jure zafi. Dutsen guga ko gaban mota a watan Afrilu na iya sa ta tsuke ta lanƙwashe, kuma ba ta komawa daidai. Naɗi na barin layi na dindindin, gogayya kuma na cinye tawada. A ajiye su a miƙe cikin kundi, a inuwa, a guji jakunkunan roba na PVC da ke manne wa takarda da daɗewa. Takardar da aka samu a kan sefa ɗari biyu, in ta shekara goma da tsabtarta, ita ce za ta yi musaya da wadda ba a iya saye.