Delos: Kufan Birni Mai Daɓen Tsakuwa A Ƙasar Girka

Ƙasar Girka tana kudancin Turai, a bakin tekun Bahar Rum. Tana da tsibirai masu yawa. Tsibiri shi ne ƙasar da ruwa ya kewaye ta ko'ina. Ɗaya daga cikinsu sunansa Delos. Ƙarami ne, tsawonsa kamar kilomita 5. A yau babu gari a cikinsa, sai kufai. Duk da haka, mutane daga ƙasashe da yawa suna zuwa kallonsa. Me suke zuwa gani?

Yadda birnin ya kafu

Mutanen Girka na dā masu bautar gumaka ne. Sun ɗauka cewa a Delos aka haifi abin bautarsu mai suna Afolo. Saboda haka suka gina masa ɗakunan bauta a can. A shekara ta 426 kafin haihuwar Annabi Isa, mahukunta suka hana haihuwa da mutuwa a tsibirin. Mai tsohon ciki da mai ciwon ajali, sai a haye da su wani tsibiri na kusa.

Daga baya Romawa suka yi ƙarfi. Wajen shekara ta 167 kafin haihuwar Annabi Isa, suka ɗauke wa fatake kuɗin fito a Delos. Nan da nan kasuwa ta cika. Fatake suka zo daga Masar da Sham da Italiya. Ana cinikin hatsi da mai da turare. Har bayi ake sayarwa, da yawan gaske. Mutanen birnin sun kai kimanin 30,000.

Daɓen tsakuwa

Attajiran Delos sun gina manyan gidaje masu ginshiƙan farin dutse. Abin da ya fi jan ido shi ne daɓen ɗakunansu. Mai karatu ya san yadda mata suke yin daɓe a ƙauye. Na Delos ya sha bamban, domin hotuna ake fitarwa da shi.

Ga yadda ake yi. Da fari magini zai shimfiɗa duwatsu a ƙasa. Sai ya zuba kwaɓin farar ƙasa da yashi, ya lallaɓe. Daga nan sai ya kawo duwatsu masu launi iri-iri da gutsattsarin gilashi, waɗanda aka yanka ƙanana. Wasu ba su fi ƙwayar gero girma ba. Zai riƙa dasa su ɗaya bayan ɗaya tun kwaɓin yana ɗanye, har hoto ya fito. Aiki ne mai cin lokaci da haƙuri.

An gano irin wannan daɓe fiye da 300 a Delos. A wani gida akwai hoton abin bautarsu bisa damisa. A wani kuma akwai dolfin, wata dabbar ruwa mai kama da kifi. Shekara fiye da 2,000 ke nan, amma launin bai gushe ba.

Ruwan sha yana da wuya a tsibirin. Don haka sukan haƙa babban rami a ƙarƙashin tsakar gida, su tara ruwan sama da ke sauka daga rufi. Sau da yawa daɓen yana bisa ramin.

Yadda birnin ya mutu

Yaƙi ne ya ci Delos. A shekara ta 88 kafin haihuwar Annabi Isa, rundunar wani sarki mai gaba da Romawa ta faɗa wa birnin, ta kashe dubban mutane. Bayan shekara 19, 'yan fashin teku suka sake afka masa. Fatake suka sauya hanya. Sannu a hankali gari ya watse.

A shekara ta 1873 masana daga Faransa suka fara tonon kufan. A 1990 hukumar UNESCO ta sa Delos cikin wuraren tarihi na duniya.

Ziyara a yau

Baƙo yakan hau jirgin ruwa daga tsibirin Mikonos, tafiyar kamar rabin awa. Zai ga jerin zakoki a fili. Waɗannan kwaikwayo ne. Na ainihi, da aka sassaƙa da farin dutse, an shigar da su gidan adana kayan tarihi na tsibirin, don iska da gishirin teku suna cin su. Ba a yarda baƙo ya taka daɓen ba, ko ya ɗauki dutse ko da guda. Ba a kuma barinsa ya kwana. Masu gadi da masu bincike kaɗai suke kwana.

Yanzu babbar barazana ita ce teku. Ruwansa yana ƙara hawa saboda sauyin yanayi, yana shiga gine-ginen da ke gaɓa. Masana suna ta gyara da neman hanyar kare su. In daɓen ya farfashe, babu magininsa da zai dawo ya sake dasa shi.